Dokin Ƙarfe a Ƙasar Wani

A Katabu, inda hanyar Jos ta rabu da babban titin Kaduna zuwa Zariya, wurin da matafiya suka fi sani da Mararraban Jos, babur abin neman abinci ne. A kansa ake ɗora buhun masara, a kansa ake kai mai naƙuda asibiti, da shi saurayi ke tara kuɗin lefe. Babu wanda zai ga mutum a kan Boxer ya ce ya fito shan iska. Saboda haka idan ɗan wannan yanki, wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila ko Kanada, ya bugo waya ya ce ya sayi babur, abin da zai fara ji daga gida jaje ne. Me ya yi zafi? Likita guda, a ƙasar Turawa, ya rasa abin hawa sai mashin?

Duk da haka 'yan Arewa mazauna ƙetare na saye, kuma wanda ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne babur ɗin ƙasaita, wanda Turawa ke kira kuruza: dogo, mai ƙasa-ƙasan kujera, mai faɗin hannu, wanda mahayinsa ke zama ya miƙe ƙafafu kamar basarake a kan sirdi. Ra'ayina game da shi kashi uku ne. Mai son sa ya saye shi, babu abin kunya a ciki. Ya sayi matsakaici, da kuɗin hannunsa, bayan ya sami lasisi. Ranar da zai tattara ya dawo gida kuma, ya sayar da shi a can, ya taho da abin da ya koya a kansa.

Yadda babur ya sauko daga daraja

Jajen da ake yi wa mai babur yana da tarihi, kuma tarihin ba mai nisa ba ne. A shekarun 1970 babur alama ce ta mai albashi. Malamin makaranta, malamin gona da akawun En'e sukan karɓi bashin babur daga wurin aiki, kuma bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 Vespa da Honda Benly suka cika ƙofofin gidajen ma'aikata. Yaran unguwa kan yi rige-rigen goge su. Wanda ya je zance a kan Vespa a lokacin ba ya jiran a yi masa iso sau biyu.

Matsin tattalin arzikin da ya biyo baya a shekarun 1980 ya haifi acaɓa. Daga baya baburan Sin da na Indiya masu araha, irin su Jincheng da Bajaj, suka kwararo, babur ya zama sana'ar wanda bai sami wata ba. Sai kuma rashin tsaro ya zo ya shafa masa baƙin fenti. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar Abuja, lokacin Nasir El-Rufai na ministan birnin. A Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana goyo a babur. Kaduna ta kafa tata dokar hana acaɓa a 2014 a zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero. A ƙarshen Satumban 2021 kuma, da ta'asar 'yan bindiga ta yi tsanani, gwamnatin jihar ta hana hawan babur baki ɗaya, na haya da na kai, na tsawon wata uku.

Cikin shekara hamsin, abin hawan malamin makaranta ya koma abin hawan talaka, sannan ya koma abin tuhuma. Wannan hoton ne uwa ke gani idan ɗanta ya ce mata ya sayi babur a Manchester. Shi kuwa ɗan, abin da ya gani daban ne: ƙasar da babur ke da makarantar koyo, da jarrabawa, da inshora, da tufafinsa na musamman, inda lauya ko likitan fiɗa zai hau shi ya je aiki ba wanda ya waiwaya. Kowannensu ya faɗi gaskiyar garin da yake ciki.

Me ya sa matsakaici

Bahaushe ya san doki, shi ya sa kuruza ke saurin shiga zuciyarsa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Daushe a Zariya ya san akwai tafiyar da ba ta gaggawa ba ce, tafiya ce ta a gan ka. Kamfanin Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1903, a kan wannan sha'awar ya gina kasuwarsa, kuma shi ne sunan da sabon mai sha'awa ke fara ambata. A nan ake fara yin kuskure.

Babban Harley irin Fat Boy yana da injin da ya haura cc 1,800, nauyinsa kuma ya wuce kilo 300. A ma'aunin kasuwa, buhun masara uku ke nan da ɗoriya. A kan buɗaɗɗen titi ba a jin wannan nauyi. Ana jin sa ne a wurin ajiye ababen hawa na asibiti da ƙarfe bakwai na safe bayan aikin dare, ko a kan gangare lokacin da ake son juya shi, ko ranar da ya kwanta a ƙasa babu mai taya ɗagawa. A ɗaya gefen kuma akwai ƙananan babura masu cc 125, waɗanda suka fi kama da abin da muka saba gani a gida. Suna da kyau a cikin gari, amma a manyan hanyoyin Birtaniya, inda iyakar gudu mil 70 ne a sa'a, wato kimanin kilomita 112, da ƙyar suke numfashi, kuma babur ɗin da ba zai iya wuce babbar mota cikin hanzari ba yana jefa mahayinsa cikin hatsari.

Tsakanin waɗannan biyun akwai aji mai cc 450 zuwa 700, kuma uku daga cikinsa sun isa misali. Honda Rebel 500, wanda ya fito a 2017, yana da injin cc 471 mai silinda biyu, ƙarfin doki kusan 46, nauyi kimanin kilo 190, kujerarsa kuma santimita 69 ce daga ƙasa, ta yadda ko gajeren mutum zai kafa ƙafafunsa biyu sosai. Kawasaki Vulcan S, mai cc 649, ya fito a 2015. Ya fi Rebel ƙarfi da nauyi, doki kusan 60 da kilo kusan 230, kuma ana iya matsar da kujerarsa da matakan ƙafa su dace da tsayin mai shi. Royal Enfield Super Meteor 650, na Indiya, ya shiga kasuwa a 2023. Shi ya fi sauran biyun cika ido da kamannin kuruzan da, amma ya kai kilo 240, kuma ƙarfinsa bai wuce na Rebel da wani abin kirki ba.

Dogon mutum zai iya jin Rebel ya matse masa gwiwa, sai ya fi sakewa a kan Vulcan. Mai son sauƙin riƙo da sauƙin sayarwa daga baya zai fi samun kwanciyar hankali da Honda. Wannan ba a yanke shi ta kallon bidiyo. A je shago a zauna a kai, a tura shi gaba da baya da injin a kashe, a ji ko ƙugu da hannu sun amince.

Ga mai ganin cc 500 ƙarami ne, abu biyu sun isa amsa. Boxer ɗin da ke ɗaukar mutum uku da buhu a kan hanyar Pambeguwa ƙarfin dokinsa kimanin 8 ne, Rebel kuwa ya ninka shi fiye da sau biyar. Sannan a 2022 ɗan Nijeriya Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan babur, tafiyar kimanin kwana 40 da ta haura kilomita 12,000, don tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Abin da ya hau Honda CB500X ne, mai injin cc 471, ɗan gida ɗaya da na Rebel. Injin da ya ratsa gefen Sahara ba zai gaza kai mutum aiki ba.

Lasisi kafin babur

Da yawanmu mun koyi babur ne a filin makarantar firamare, a kan mashin ɗin yayanmu, cikin yini ɗaya. Wannan ilimi yana da amfani, amma hukumar Birtaniya ba ta san da zamansa ba. Wanda ya zama mazaunin ƙasar zai iya amfani da lasisin Nijeriya na wata 12 kawai, a kan irin abin hawan da lasisin ya ba shi izini, kuma Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye. Ma'ana, sai an bi layi daga farko.

Matakin farko horo ne na tilas da ake kira CBT, wanda yawanci ake gamawa a yini guda. Yana ba mutum damar hawa babur mai cc 125 da allon koyo na tsawon shekara biyu, ba goyo, ba hawa manyan hanyoyi. Bayansa akwai jarrabawar dokokin hanya a kwamfuta, sannan jarrabawar hawa kashi biyu: ɗaya a killataccen fili, ɗaya a kan titi da mai jarrabawa a biye. Ɗan shekara 19 zai iya samun lasisin A2, mai iyakar kilowat 35, wato ƙarfin doki kusan 47. Ɗan shekara 24 zai iya neman cikakken lasisi kai tsaye. Rebel da Super Meteor an ƙera su ne daidai ƙarƙashin wannan iyaka, Vulcan kuma ana iya rage masa ƙarfi ya shiga cikinta.

Wanda ya tsallake wannan layi da kansa yake wasa. Tuƙi ba inshora a Birtaniya na jawo tarar fam 300 da maki 6 a kan lasisi, kuma 'yan sanda na iya ƙwace abin hawan nan take. Wanda ya tara maki 6 cikin shekara biyu da cin jarrabawarsa ta farko, lasisin ya tafi, sai ya sake daga tushe. Ga ɗan ƙasa wannan ɓacin rai ne. Ga baƙon da ke zaune da biza, wanda wata rana zai cike takardar neman zaman dindindin ko zama ɗan ƙasa, inda ake tambayar laifukan da aka taɓa samun sa da su, abin ya wuce ɓacin rai. A shingen hanyar gida an saba a roƙi arziki a wuce. Can kyamara ce ke karanta lamba, kuma kyamara ba ta jin magiya.

Doki da harawarsa

Masu kiwon doki sun san kuɗin sayensa shi ne mafi sauƙi a cikin ɗawainiyarsa. Haka babur yake. Kamfanin inshora yana kallon sabon baƙo a matsayin wanda ba shi da tarihi, ko da ya shekara ashirin yana tuƙi tsakanin Kawo da Kakuri, don haka kuɗin shekarar farko kan yi tsada, kuma yana ƙaruwa da girman inji, da unguwar da mutum yake, da inda babur ke kwana. Satar babura matsala ce sananniya a Landan da sauran manyan birane, kuma wanda ba shi da gareji zai biya bambancin. A nemi farashin inshora tun kafin a biya kuɗin babur. Yin akasin haka cinikin biri a sama ne.

Akwai harajin hanya, da gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara da zarar babur ya cika shekara uku. Akwai hular kwano mai inganci, da riga da wando masu sulke a gwiwa da kafaɗa, da safar hannu da takalmi, waɗanda jimillarsu kan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin babur ɗin kansa. Akwai kuma hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris duhu na saurin yi, titi na santsi, gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara kuma yana cin ƙarfe. Mafi yawan masu kuruza rufe shi suke yi a waɗannan watanni. Wanda zai dogara da babur kaɗai wajen zuwa aiki ya lissafa kuɗin bas da jirgin ƙasa na kusan rabin shekara.

A nan ne matsakaicin babur ke da wata fa'ida da mujallun Turawa ba sa kawowa, domin ba damuwarsu ba ce. Sabon babban babur sau da yawa da bashi ake sayensa: a biya kaɗan-kaɗan duk wata, da ruwa a kai, da dunƙulallen kuɗi a ƙarshe. Musulmin da ke gudun riba, wanda wataƙila ya riga ya sha fama da tambayar yadda zai mallaki gida ba tare da ita ba, ba shi da dalilin shiga cikinta saboda abin sha'awa. Rebel ko Vulcan ɗan shekara uku ko huɗu, mai cikakkiyar takardar sabis, abu ne da ma'aikaci zai tara kuɗinsa ya biya lakadan. Mai shi na farko ya riga ya ɗauke mafi yawan faɗuwar darajarsa, kuma saboda masu sabon lasisi kullum suna neman irinsa, ranar sayarwa ba a daɗe ana jiran mai saye.

Maganar rai

Fargabar iyaye tana da tushe, kuma alƙaluma na bayansu. A Birtaniya masu babur kusan kashi 1 cikin 100 ne na zirga-zirgar hanya, amma kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a kanta. A Amurka, idan aka auna da nisan tafiya, mahayin babur ya fi na cikin mota yiwuwar mutuwa fiye da ninki 20. Mutumin da albashinsa ke biyan kuɗin makarantar ƙanne shida da maganin hawan jinin mahaifiya ba shi kaɗai ke kan kujerar ba.

Wannan nauyi shi ya kamata ya tsara yadda ake hawa. Kada a sayi babur marar birkin ABS, wanda ke hana taya kullewa idan an taka da ƙarfi. Hular kwano ta zama mai rufe haɓa, ko da masu kuruza sun fi son buɗaɗɗiya don ado. Bitar bincike ta Cochrane ta 2008 ta nuna hular na rage yiwuwar mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Kada a hau bayan aikin dare, domin gajiyar da mota za ta yafe babur ba ya yafe ta. A ƙaro horo bayan lasisi. A kuma faɗa wa iyali gaskiya, a zauna da uwargida a yi shawara. Wanda ya auna duk wannan ya ga ba zai iya ba, ya haƙura. Shi ma ya yi zaɓi na hankali.

Kada a saka shi a kwantena

Ranar komawa gida, sha'awar tahowa da babur kan yi ƙarfi, musamman da yake ba shi da matsalar sitiyarin dama da ke hana shigo da motocin Birtaniya. Masu goyon bayan haka suna da hujja. An sake gina titin Kaduna zuwa Zariya. Akwai masu manyan babura a Abuja da Legas da Kaduna, suna fita ayari-ayari. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, duk abin hawan da ke tsimin mai ya ƙara daraja.

Amma kuruza an ƙera shi ne don shimfiɗaɗɗen titi. Tazarar cikinsa da ƙasa kimanin santimita 13 ce, kuma abin da ke tare masa girgiza a baya gajere ne. Da zarar ya sauka daga kwalta ya shiga unguwa a cikin damina, ko ya hau irin tudun da jama'a ke ginawa a kan titi don rage gudun motoci, cikinsa zai daki ƙasa, ƙugun mahayin kuma ya karɓi sauran. Ba banza Adeyanju ya zaɓi mai dogayen ƙafafu ba.

Sai batun gyara. Fijo 504 ta mulki hanyoyin Arewa ne saboda masana'antar Kakuri, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta sa kayan gyaranta da masu gyaranta sun bazu ko'ina. Boxer ma haka yake mulki a yau: kowane bakanike a Katabu zai kwance injinsa ya mayar kafin la'asar. Babur mai injekta da kwamfuta a ciki yana bukatar na'urar gano cuta, tayarsa ba girman da ake samu a kowane shago ba ce, gurɓataccen mai kuma na iya kashe famfonsa. Maƙeran Panteka gwanaye ne, za su ƙera maka abubuwa da yawa, amma ba za su ƙera na'urar lantarkin da ta ƙone ba. Sai a jira wani mai zuwa daga waje, a biya da dala ko fam, bayan an riga an biya jirgin ruwa da kwastan.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya cikin littafin kamfani. A can, mahayi na cikin tsarin da direban mota ya koyi duba madubi saboda shi, motar asibiti kuma na zuwa idan an kira. A Mararraban Jos zai ratsa ne tsakanin tirelolin da suka yi layi a gefen titi, da masu bin hannun da ba nasu ba. Kuma dokar 2021 ba ta tambayi girman inji ba. Babur ɗin da aka kashe miliyoyi a kansa zai iya kwana wata uku a zaure saboda laifin wasu da ke daji.

Abin da ya cancanci a dawo da shi

A Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka. An yi dariya har a kafofin labaran duniya, aka wuce. Abin da ƙwaryar ta nuna shi ne an kawo doka ba a kawo dalilinta ba. Tun daga lokacin, kusan duk abin da gwamnatocinmu suka iya yi da babur shi ne hanawa da ƙwacewa, alhali shi ne ke ɗauke da ƙauyukan Igabi da Giwa da Soba zuwa kasuwa da asibiti.

Wanda ya shekara biyar yana hawa a ƙasar da ta ɗauki babur da muhimmanci ya ga wata hanyar: horo na yini guda kafin a hau titi, lasisi hawa-hawa gwargwadon shekaru da ƙarfin inji, rajistar da ke sa a san mai kowane babur, hular da aka gwada ingancinta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin jiha kamar Kaduna, kuma ƙungiyoyin 'yan acaɓa suna da tsari da shugabancin da za a iya bi ta kansu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu ilimi da faɗa-a-ji da suka san babur daga kan kujerarsa, domin ajinmu ya daɗe da barin sa ga talaka, yana kallonsa ta gilashin mota.

Likita ko injiniyan da ya dawo da wannan sani zai iya zama da shugabannin tasha ya koya wa matasa ashirin yadda ake taka birkin gaba ba tare da an kife ba. Zai iya faɗa wa kwamishina, da hujja, abin da ya sa horo ya fi kame amfani. Kuɗin da ya samu daga sayar da kuruzansa a can zai sayi huluna masu yawa. In kuma sha'awar hawa ba ta sake shi ba, ya nemi babur mai tsayi wanda bakaniken unguwarsu ya san cikinsa, ya sa hularsa, ya hau a gan shi.